Wane zare ake ɗinke bakin dabba da shi?

Kwanakin baya wani maharbi ya kawo mini karensa daga wajen Tibiri, fiƙar sama ta karye, dasashin ya kumbura yana wari. Muka sa shi barci, muka cire ragowar haƙorin, muka ɗinke wurin. Da zai tafi sai ya ce, "Likita, yaushe zan dawo da shi a cire zaren?" Na ce ba sai an cire ba. Ya tsaya yana kallona. Tambayoyin da ya yi ranar, da waɗanda ƙananan ma'aikatan lafiyar dabbobi ke yi mini a nan Maradi, su na tattara.

Me ya sa ba a cire zaren?

Saboda kare ba zai buɗe maka baki ka shiga da almakashi ba. Sai an sake yi masa allurar barci, ga haɗari ga kuɗi. Shi ya sa a cikin baki ake zaɓen zaren da jiki ke narkarwa da kansa. Naman baki kuma yana da jini sosai, yana saurin haɗewa. Cikin kwana 10 zuwa 14 ciwon ya kama, daga nan zaren ya gama aikinsa. Wanda ya ci gaba da zama bayan haka, abinci da gashi kawai yake tarawa.

To cikin masu narkewar, wanne ya fi?

Kafin sunan kamfani, a fara duba ƙirar zaren. Akwai mai sili ɗaya, sumul kamar zaren kamun kifi. Akwai mai tufka, wanda aka murɗa ƙananan zaruruwa kamar igiya. Mai tufka yana da daɗin ƙulli, ba ya zamewa, amma yana tsotsar miyau kamar lagwanin fitila, ya ja ƙwayoyin cuta zuwa cikin nama. Baki kuwa gidan ƙwayoyin cuta ne.

Ni dai in ina da zaɓi, Monocryl nake ɗauka. Sili ɗaya ne, yana ratsa dasashi ba tare da ya yage shi ba. Bayan mako guda kusan rabin ƙarfinsa ya tafi, bayan mako biyu ɗan kaɗan ya rage, wato yana sakin nama daidai lokacin da naman ya riƙe kansa. Aibinsa shi ne santsi: in ba ka ƙara ƙulli ba, harshen kare zai warware shi cikin dare ɗaya. Ina yin huɗu ko biyar.

Vicryl mai tufka ne, kuma yana kai wata biyu kafin ya ɓace, ya yi wa baki yawa. Akwai ƙaninsa Vicryl Rapide, wanda ke rasa rabin ƙarfi a kwana 5, ya gama saki cikin mako biyu. Wannan ya dace da ƙaramin ɗinki. PDS kuma yana da tauri, yana kai kusan wata shida, bakinsa na sukar harshe da kunci. Ana ajiye shi don wurin da zai daɗe bai warke ba.

Katgut fa? Shi ne ya fi samuwa a wurinmu.

Gaskiya ne, kuma ban raina shi ba. Da hanjin tumaki ko na shanu ake yin sa. Wanda aka jiƙa da sinadarin kuromiyam ya fi na zalla jimiri, shi ne ya dace da baki, don na zalla yakan tsinke cikin ƴan kwanaki tun ciwo bai kama ba. Matsalarsa biyu: nama yana ɗan kumbura a kewayensa, kuma ba ka da tabbacin ranar da zai saki, musamman in wurin akwai mugunya. A Turai an daina amfani da shi ga mutane saboda tsoron cutar haukan shanu. Amma in haƙori ɗaya aka cire wa lafiyayyen kare, kuma katgut ɗin yana cikin ledarsa bai bushe ba, zai yi aiki.

Mene ne 4-0 da 5-0 da ake rubutawa a jikin leda?

Kaurin zaren ke nan. 4-0 na nufin sifiri huɗu, 5-0 sifiri biyar. Yawan sifiri, yawan siranta. Ga yawancin karnuka 4-0, ga kyanwa da ƙananan karnuka 5-0. Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauko zare mai kauri da ya rage daga ɗinkin cikin saniya, a kai shi bakin kare, wai don ya fi ƙarfi. Dasashi ba fatar saniya ba ce. Zare mai kauri ramin da yake hudawa ya fi girma, ƙullinsa kuma ya zama ƙaton abu da dabba za ta yi ta wasa da shi.

Allura ma haka. A nemi wadda aka haɗe da zarenta tun daga kamfani, lanƙwasasshiya, ƙarama. Mai kafa da ake zura wa zare tana jan ninki biyu, ta yaga naman.

Na yi amfani da zare mai kyau amma ɗinkin ya buɗe. Laifin wa?

Sau da yawa ba na zaren ba ne. An ja naman ne da ƙarfi don ya rufe ramin. Duk ɗinkin da aka yi nama na a ɗame, zai buɗe, ko da wane zare ne. Kafin ka saka allura, ka ɗago fatar dasashin, ka ɗan yanka siririn rufin da ke manne ta da ƙashi, har sai ta kwanta a kan ramin da kanta ka sake ta ba ta ja da baya ba. Ka goge kaifin ƙashin da haƙori ya bari. Sannan ka yi ɗinki ɗaiɗai, tazarar milimita 2 zuwa 3, kowane da ƙullinsa, don in ɗaya ya warware sauran su riƙe.

Wannan ya fi muhimmanci a fiƙar sama, irin ta karen maharbin nan. Saiwarta doguwa ce, tsakaninta da kogon hanci ɗan siririn ƙashi ne. In wurin ya ɓule kuma ɗinki ya buɗe, za ka ga kare yana atishawa duk lokacin da ya sha ruwa, abinci na fita ta hanci. Gyaran karo na biyu ya fi na farko wuya nesa ba kusa ba.

Doki da jaki da akuya fa?

Ramin da turmin haƙorin doki ya bari in an cire shi, ba a cika ɗinke shi ba, toshe shi ake yi ya cike daga ƙasa. Abin da muka fi ɗinkewa shi ne harshe da leɓe, musamman bayan hawan salla, in linzami ya yanka. Nan ana buƙatar zare mai ɗan kauri, mai narkewa, a kuma hutar da dokin daga linzami har ya warke. Jar akuyarmu ta Maradi kuwa ba ta da haƙoran gaba a sama, kuma da wuya a yi mata aikin haƙori, sai dai yagewar leɓe daga waya ko cizon kare.

In babu komai, ba za a iya tafasa zaren tela ba?

A'a, don Allah. Na taɓa buɗe bakin kare na tarar da baƙin zaren ɗinkin kaya ya nutse cikin nama, mugunya na bin sa. Ba ya narkewa, kuma yana shan ƙazanta. Gara a wanke ramin a bar shi ya cike da kansa. Zaren kirkin ma yana lalacewa: a duba ranar ƙarewarsa, kada a bar shi cikin akwatin babur a zafin bazara, kuma ledar da aka buɗe jiya ba ta aikin yau ba ce, don danshi ne ke narkar da irin su Monocryl da Vicryl.

Me mai dabba zai yi a gida?

Abinci mai laushi na mako biyu, kamar tuwo da aka dama da romo. Ban da ƙashi, ban da farauta, kada yara su buɗe bakin don ganin ɗinki. In an ga jini bai tsaya ba, ko wari, ko ya ƙi cin abinci kwana biyu, a dawo da shi. Kuma a zo da takardar rigakafin haukan kare, domin hannunmu cikin miyansa zai shiga.