Fada Miguel Hidalgo, limamin cocin da ya tayar wa Sifen bore a Meziko

*Wane ne wannan mutumin?*

Limamin Katolika ne, an haife shi ran 8 ga Mayu 1753 kusa da Pénjamo a yankin Guanajuato. Jinin Sifaniyawa ne amma haifaffen Meziko, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Sifen, kuma a wancan zamani wannan bambanci ba ƙarami ba ne: manyan kujerun mulki da na coci waɗanda aka haifa a Sifen ake ba su. Ya yi karatu a kwalejin San Nicolás ta birnin Valladolid, wanda yau ake kira Morelia, har ya shugabance ta a 1790. Ba irin limamin nan mai kame kai ba ne. Yana son caca da rawa, yana karanta littattafan Faransa, yana da 'ya'ya duk da alkawarin rashin aure.

*To me ya haɗa shi da talakawa?*

A 1803 aka ba shi cocin garin Dolores. Can ya mai da hankali ga sana'o'in mutanensa fiye da wa'azi. Ya koya musu ginin tukwane da jima da kiwon zuma, ya sa aka dasa inabi, aka fara kiwon tsutsar siliki. Ya iya wasu harsunan 'yan asalin ƙasar, shi ya sa in ya yi magana suke saurare.

*Yaya boren ya fara?*

A 1808 Napoleon ya mamaye Sifen, ya tsige Sarki Fernando na Bakwai, ya ɗora ɗan'uwansa a karaga. Sai wasu a Meziko suka ce, to yanzu wa za a yi wa biyayya? Hidalgo ya shiga wata ƙungiyar ɓoye a Querétaro tare da hafsan soja Ignacio Allende. Asirinsu ya tonu kafin su shirya, Josefa Ortiz de Domínguez, matar mai mulkin garin, ta aika musu gargaɗi. Da asubar 16 ga Satumba 1810 aka buga ƙararrawar cocin Dolores, Fada ya kira jama'a su tashi. A hanya suka ɗauki hoton Maryamu ta Guadalupe a Atotonilco suka mai da shi tuta.

*Idan jama'a sun bi shi haka, me ya sa bai ci nasara ba?*

Nan ne maganar take. Taron da ya bi shi ya kai kimanin mutum 80,000, galibi manoma da ma'aikatan haƙar ma'adinai, riƙe da adda da majajjawa da sanda. Yawa akwai, horo babu. Ran 28 ga Satumba suka fasa babban rumbun hatsi na Guanajuato inda Sifaniyawa suka fake, suka karkashe ɗaruruwa, aka wawashe gari. Wannan kisa ya tsorata masu hannu da shuni, har waɗanda a da suke son canji suka ja da baya.

Ran 30 ga Oktoba ya ci yaƙin Monte de las Cruces, ga birnin Meziko, babban birnin ƙasar, a gabansa, amma sai ya juya. Allende ya ji haushi ƙwarai, masana kuma har yau suna gardama kan dalili. A ganina daga nan al'amarin ya fara kuɓuce masa. Ran 17 ga Janairu 1811 Félix Calleja, kwamandan sojojin Sifen, da sojoji wajen 6,000 kacal, ya tarwatsa su a gadar Calderón.

*Gwarzo ne ko mai laifi?*

Duka biyun suna cikin tarihinsa. A Guadalajara, a Disambar 1810, ya ba da umarnin 'yanta bayi da soke harajin da aka ɗora wa 'yan asalin ƙasa. A garin nan dai aka riƙa fitar da Sifaniyawa fursunoni ana yanka su ba shari'a, da saninsa.

*Yaya ƙarshensa?*

An yi musu tarko a Acatita de Baján ran 21 ga Maris 1811. A Chihuahua coci ya tuɓe masa rigar limanci, aka harbe shi ran 30 ga Yuli. Kansa da na abokansa uku aka saka a kejin ƙarfe, aka rataye a kusurwoyin rumbun nan na Guanajuato shekara goma. Almajirinsa José María Morelos, shi ma limami, ya ci gaba da yaƙin har aka kashe shi a 1815. 'Yancin kai sai a 1821 ya samu, a hannun Agustín de Iturbide, hafsan da a da ya yaƙi 'yan boren. Duk da haka 16 ga Satumba ce ranar 'yancin Meziko, kuma a daren jajiberenta shugaban ƙasa kan buga ƙararrawar Dolores a fadar gwamnati.