Daniel Larimer

Daniel Larimer, wanda aka fi sani da Dan Larimer, Ba'amurke ne injiniyan manhajar kwamfuta da ya yi suna wajen gina tsare-tsaren bulokcen (kundin dijital da kwamfutoci da yawa ke riƙe da kwafinsa) guda uku: BitShares da Steem da EOS. Na tsakiyar ne ya shigar da shi harkar wallafa, domin a kansa aka ɗora Steemit, dandalin da ke biyan marubuta kuɗin kirifto gwargwadon ƙuri'un masu karatu.

Karatu da shigarsa kirifto

Ya kammala digiri a fannin kimiyyar kwamfuta a jami'ar Virginia Tech a 2003, ya yi shekaru yana rubuta wa kamfanoni manhaja kafin Bitcoin ya ɗauke masa hankali. Yana cikin mutanen farko-farko da suka yi musayar yawu da Satoshi Nakamoto, wanda ya ƙirƙiro Bitcoin. A watan Yulin 2010, Larimer, da laƙabinsa na bytemaster, ya ce jiran minti goma kafin a tabbatar da biyan kuɗi ya yi wa ciniki tsawo. Satoshi ya ba shi amsa a gajarce, ya ce ba shi da lokacin tsayawa ya gamsar da shi. Kusan duk abin da Larimer ya gina daga baya, wannan ƙorafin na saurin aiki yake ƙoƙarin magancewa.

A 2013 suka kafa kamfanin Invictus Innovations shi da Charles Hoskinson, wanda bai daɗe ba ya bar tafiyar. BitShares ya fara aiki a 2014 a matsayin kasuwar musaya da babu wani kamfani ɗaya da ke riƙe da ita. A nan ne Larimer ya ɓullo da tsarin da ake taƙaita sunansa da DPoS. Maimakon dubban na'urori su yi ta gasar haƙo sulalla suna cin wutar lantarki, masu riƙe da sulallan ne ke zaɓen wakilai ƙalilan da za su riƙa rubuta kundin bi da bi. Nauyin ƙuri'ar mutum daidai yake da yawan jarinsa.

Steemit

A watan Maris na 2016 aka ƙaddamar da Steem. Ned Scott ne shugaban kamfanin Steemit, Larimer kuma shugaban sashen fasaha. Bulokcen kundi ne da kwafinsa ke hannun kwamfutoci da yawa, abin da aka shigar ba ya goguwa cikin sauƙi. Sabon abin da Steem ya kawo shi ne zuba rubutun kansa a cikin kundin, ba lissafin kuɗi kaɗai ba. Wakilai 21, waɗanda ake kira shaidu, su ke rufe sabon shafi duk bayan daƙiƙa uku, kuma ba a cajin mai amfani ko sisi.

Ga yadda abin yake a idon marubuci. Ya wallafa rubutunsa, sai wani adadi na dala ya bayyana a ƙasan rubutun, yana hawa yana sauka yadda ƙuri'u ke shigowa. Idan wa'adin ya cika, wanda daga baya aka tsayar a kwana bakwai, sai a raba kuɗin tsakaninsa da waɗanda suka zaɓi rubutun. Da farko marubuci na ɗaukar kashi 75 cikin ɗari, a 2019 aka mayar da rabon rabi da rabi. Ba daga aljihun mai karatu kuɗin ke fita ba, daga sababbin sulallan da tsarin ke ƙirƙira kullum ne. Rabon farko da aka yi ranar 4 ga Yulin 2016 ya kai kimanin dala miliyan 1.3, labarin da ya jawo tururuwar marubuta daga ƙasashe da dama. Kwanaki kaɗan bayan haka masu kutse suka fasa asusu kusan 260.

Gizon yana saƙa ne a wurin nauyin ƙuri'a. Mutum ɗari masu ƙaramin jari za su yaba wa rubutu adadin bai motsa ba, amma babban kifi, wato mai jari mai yawa, ɗaya ya latsa sai ka ga ɗaruruwan daloli. Nan da nan wasu marubutan suka koma faranta ran masu hannu da shuni, har aka samu manhajojin da ke sayar da ƙuri'a a fili. Edita da mai talla, waɗanda aka so a kawar daga tsakanin marubuci da mai karatu, sun tafi, mai jari ya hau kujerarsu. Larimer bai tsaya ganin ƙarshen wannan taƙaddama ba: ya ajiye aikinsa a watan Maris na 2017, shekara ɗaya tak da farawa.

EOS da Voice

Daga nan ya koma kamfanin Block.one na Brendan Blumer. Sayar da sulallan EOS da aka shafe shekara ana yi, daga Yunin 2017 zuwa Yunin 2018, ya tara kimanin dala biliyan 4. A 2019 hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta Amurka ta ci kamfanin tarar dala miliyan 24 saboda rashin rajistar cinikin, tarar da ba ta taka kara ta karya ba idan aka kwatanta da abin da aka tara. A shekarar ne kuma kamfanin ya sayi adireshin voice.com a kan dala miliyan 30 don sabon dandalin sada zumunta mai suna Voice, wanda bai samu karɓuwar da aka yi zato ba. Larimer ya bar Block.one a ƙarshen 2020. Masu sukarsa na yawan nuni da wannan ɗabi'a ta fara gini ya bar wa wasu rufin.

Makomar Steem

A 2018 faɗuwar farashin kirifto ta sa Steemit ya sallami kusan kashi 70 cikin ɗari na ma'aikatansa. A watan Fabrairun 2020 Justin Sun, mai bulokcen ɗin Tron, ya sayi kamfanin, haɗe da tarin sulallan da kamfanin ya haƙo tun kwanakin farko. Shaidu suka daskarar da wannan jari don tsoron kada a juya kundin da shi. Sun ya mayar da martani da taimakon kasuwannin Binance da Huobi da Poloniex, waɗanda suka yi amfani da ajiyar abokan cinikinsu suka kaɗa ƙuri'ar tsige shaidun a farkon Maris. Binance da Huobi sun janye ƙuri'unsu bayan da aka yi musu ca. Ranar 20 ga Maris ɗin 2020, wani ɓangare na marubuta da injiniyoyi suka kwafi kundin baki ɗaya, da rubuce-rubucen shekara huɗu da ke cikinsa, suka buɗe sabo mai suna Hive, suka kuma hana jarin kamfanin Steemit kaso a ciki.