Me ya sa ciwo ke ramar da mutum alhali yana kwance ba ya aikin komai?

Marar lafiya ba ya motsi, to me ke cinye masa ƙarfi?

Kwanciyar a ido ce kawai, a ciki aiki ake yi tuƙuru. Da zarar ƙwayar cuta ta shiga, ƙwayoyin garkuwar jiki sai su saki wasu sinadarai da ake kira saitokin, irin su IL-1 da IL-6 da TNF. Su ne ke kai saƙo ga sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita zafin jiki, sai ya ɗaga mizaninsa. Rawar sanyin da ke fara zazzaɓi tsokoki ne ke karkarwa don su samar da wannan zafi. Kuma zafin ba kyauta ba ne: duk digiri ɗaya na ma'aunin Salsiyos da ya ƙaru, kuzarin da jiki ke ƙonawa yana ƙaruwa da kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari. Wanda zafinsa ya tashi daga 37 zuwa 40 yana ƙona kusan sulusi fiye da yadda ya saba. Ga kuma fararen ƙwayoyin jini da ke ninka yawansu, suna shan sukari da sauri ƙwarai.

Idan buƙata ta ƙaru, me ya sa ci ke raguwa?

Sinadaran nan dai su ne ke kashe sha'awar abinci, su kawo kasala da barci. Kashewa ta ƙaru, shiga ta ragu.

Daga ina jiki ke cike giɓin?

Da farko daga sukarin da hanta ta ajiye, wanda ba ya wuce kwana guda idan ba a ci komai ba. Daga nan sai kitse da tsoka. A nan ne ciwo ya bambanta da yunwa zalla. Mai jin yunwa amma lafiyarsa ƙalau, jikinsa yana rage kashe kuzari, ya koma kan kitse, ya tausaya wa tsoka. Mai fama da cuta ba ya samun wannan sassauci. Jikinsa yana farfasa furotin ɗin tsoka, ya aika da shi hanta, ita kuma ta mai da wani sashe sukari, da sauran kuma ta ƙera nau'o'in furotin na yaƙi da cutar. Ɗaya daga cikinsu shi ne CRP da likitoci ke aunawa a jini don gane ko akwai kumburi. Kamar mai ɓalle ƙyauren ɗakinsa ne yana hura wuta da shi: a daren ya ji ɗumi, amma ɗakin ya ragu. Shi ya sa ciwon da ya daɗe, irin tarin fuka, ke zuƙe mutum har kafaɗa da cinya, kuma shi ya sa tsoho da ya yi jinyar mako ɗaya kan kasa miƙewa daga kujera ba tare da an kama shi ba.

Ya batun sukarin jini?

Yawanci hawa yake yi. Sinadaran kotisol da adirenalin, waɗanda jiki ke saki idan yana cikin wahala, suna sa hanta ta zuba sukari, tsoka kuma ta rage jin insulin. Mai ciwon sukari ya kiyaye wannan sosai: ko bai ci abinci ba sukarinsa na iya tashi, don haka dakatar da allurar insulin ba da shawarar likita ba haɗari ne. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani kuwa kan yi akasin haka, ya faɗar da sukari, musamman ga ƙananan yara da masu ciki.

Me ya sa ake yawan cewa jinin majinyaci ya ragu?

Ƙwayoyin cuta da dama suna buƙatar sinadarin ƙarfe don su hayayyafa. Hanta sai ta saki wani sinadari mai suna hefsidin, wanda ke hana hanji shan ƙarfen, ya kuma kulle wanda ke ajiye a jiki. Dabara ce mai kyau ta ɗan lokaci, amma idan ciwon ya ja, ɓargo ba ya samun abin ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Irin wannan ƙarancin jini maganinsa na farko shi ne magance cutar kanta.

A bar shi sai ya nemi abinci da kansa ke nan?

Babba mai ƙoshin lafiya da ya yi mura ya rage ci na kwana biyu, ba abin damuwa ba ne muddin yana shan ruwa. Yaro, tsoho, da wanda dama a rame yake, lamarinsu daban ne, domin ajiyarsu kaɗan ce, kuma rama tana raunana garkuwar jiki ta buɗe ƙofa ga wata cutar. A ba su kaɗan-kaɗan, akai-akai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ci gaba da shayar da yaro mai gudawa da ciyar da shi, sannan bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har mako biyu, domin ciwo kan tafi tun kafin tsokar da ta zube ta dawo.