'Yan sama jannati ba fitsari suke sha ba

A majalisun ƙauyukan Ringim da Gumel, da an taɓo zancen tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, sai wani ya yamutsa fuska ya ce ai fitsarinsu suke sha. Sam ba haka ba ne.

Dubi murfin tukunyar miya: tururin da ya taru yana ɗiga ruwa ne zalla, gishirin na can ƙasa. Haka na'urar tace fitsari ta tashar take aiki. Ana zuba wa fitsarin asid don kada ya ruɓe, a rage matsin iska cikin ganga mai juyawa har ya tafasa ba tare da zafi sosai ba, a tare tururin. Sai a haɗa shi da danshin gumi da na numfashi, a tace, a ƙone ragowar dattin da iskar oksijin, a sa aidin don hana ƙwayoyin cuta. Ruwan da ya faɗi gwaji komawa yake yi a sake tacewa. A 2023 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta ce ana maido da kashi 98 cikin ɗari na ruwan.

Cikas ɗin da na'urar ta samu a 2009 daga ƙashin 'yan sama jannatin ya fito. Rashin nauyi a sararin samaniya na sa ƙashi zubar da sinadarin kalsiyam cikin fitsari, shi kuma ya daskare kamar kanwa ya toshe na'urar. A 2016 aka sauya asid ɗin daga salfurik zuwa fosforik don rage wannan daskarewar.