Waiwaye: Yadda ƙananan garuruwan Kaduna suka rasa mai sauraron damuwa

Tun da aka sako ɗaliban Kuriga ta Jihar Kaduna daga hannun 'yan bindiga a watan Maris na 2024, bayan sun shafe fiye da mako biyu a daji, wata tambaya take ta dawowa a shirye-shiryen rediyo da shafukan sada zumunta: bayan an duba lafiyar jikinsu an mayar da su gida, wa zai ci gaba da zama da su yana sauraron abin da idanunsu suka gani? An yi irin wannan tambaya bayan sace ɗaliban Afaka a 2021, an sake yin ta bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na ranar 28 ga Maris, 2022. Masu muhawarar sun rabu gida biyu. Wasu na cewa zuwa wurin baƙo a zazzage masa ciki al'adar Turawa ce, mu muna da iyaye da malamai da addu'a. Wasu kuma na cewa ciwo ne kamar kowane ciwo, a kawo ƙwararru. Abin da ya haɗa su shi ne dukkansu suna magana kamar matsalar 'yan bindiga ce ta haifar da giɓin rashin mai sauraro, alhali ta tarar da shi ne kawai, ta kuma tona shi.

Abin da ake nema ɗin ma bai samu tsayayyen suna a bakin jama'a ba. Wanda ya sauka a tashar Ikara ko Soba ko Saminaka ya ce yana neman kansila, gidan kansilan mazaɓa za a nuna masa. Wanda ake nufi a nan mutum ne da aka koya wa sauraro da yin magana bisa tsari, wanda mai damuwa zai riƙa zuwa wurinsa mako bayan mako, su zauna kamar sa'a guda, har ƙuncin ko firgicin ya sassauta. Aikinsa daban ne da na likitan ƙwaƙwalwa mai rubuta magani, ko da yake sau da yawa tare suke aiki.

Farkon labarin sananne ne. Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidan tsare masu taɓin hankali a Yaba ta Legas a 1907, suka kafa doka a 1916, wadda ta rikiɗe ta zama dokar 1958, kuma manufarta ita ce a killace wanda ake tsoron zai cuci jama'a. A ƙasar Hausa ma mari da turu aka sani ga wanda ya fi ƙarfin danginsa. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya gwada wata hanya a asibitin ƙwaƙwalwa na Aro kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya suke zama da wani ɗan'uwansu a ƙauyukan da ke kewayen asibitin, ana yi musu magani da rana, har da haɗin gwiwar masu maganin gargajiya. An yaba wa tsarin a duniya, amma bai bazu a gida ba. A Jihar Kaduna ƙwarewar ta taru ne a wurare kamar asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, kuma a kunnen talaka wannan fanni ya zama na hauka tuburan, wanda ake kai mutum a ɗaure.

Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne ɗan tsakanin nan na 1986 zuwa 1991, kuma a ganina can ne aka yi rabon da ya bar ƙananan garuruwa hannu rabbana.

A takarda, shekarun alheri ne. Bayan taron lafiya na duniya da aka yi a Alma-Ata a 1978, wanda ya zayyana rukunai takwas na kiwon lafiya a matakin farko, Najeriya ta fitar da manufar lafiya ta ƙasa a 1988, aka ɗora ƙananan asibitoci a wuyan ƙananan hukumomi domin a kusanto da magani ga jama'a. Manufar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1991 kuma ta tabbatar da wannan fanni a matsayin rukuni na tara. Ma'anar haka ita ce matar da ta kasa barci tun rasuwar ɗanta a Kauru ko Giwa tana da haƙƙin samun mai kula da ita a asibitin garinsu, ba sai ta hau mota zuwa Barnawa ba. Wanda ya karanta wannan manufa a yau zai yi mamakin yadda ta riga masu muhawarar yanzu faɗin kusan duk abin da suke faɗa.

Sai dai rukunin na tara ya iso gidan ne bayan an gama rabon ɗakuna. Matsin tattalin arziƙin da ya tsananta daga 1986 ya karya darajar naira, maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada, kantocin ƙananan asibitoci suka zama wayam, har ya zama abin da mara lafiya ke samu bai wuce 'yar takardar da zai kai kemis ba. Domin magance wannan ne ministocin lafiya na Afirka suka amince da wani shiri a Bamako ta ƙasar Mali a 1987. Dabarar mai sauƙi ce: a zuba wa asibiti jarin muhimman magunguna, ya sayar wa jama'a da rahusa, kuɗin da aka samu a sake saro wani maganin, ɗan abin da ya hau kuma a tafiyar da asibitin da shi. Dabara ce ta hankali a lokacin da babu, kuma a wuraren da aka riƙe amana ta dawo da magani kan kanta. Amma ta zo da wani sakamako da babu wanda ya nufa. Daga ranar da rayuwar asibiti ta rataya a kan abin da aka sayar, duk aikin da ba ya ƙarewa da ƙwaya ko allura ya zama aikin da ba ya shigo da ko sisi. Minti arba'in da ma'aikaci zai ɓata yana sauraron bazawara, a lissafin asusun, asarar cinikin mutum biyar ko shida ne da ke kan benci suna jira.

Ba sai wani ya hana sauraro ba. Tsarin da kansa ya isa ya koya wa kowa abin da ake so. Ma'aikacin lafiya na al'umma, irin wanda ake horarwa a kwalejin Makarfi da takwarorinta, yana aiki ne da littafin ƙa'ida mai cewa idan ka ga alama kaza ka ba da magani kaza, idan abin ya wuce haka ka tura gaba. Wannan tsari ya dace da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ƙyanda, waɗanda su ne ke kashe yara a lokacin, kuma ba wanda zai ga laifin fifita su. A fannin ƙwaƙwalwa kuwa, abin da ya fi shiga wannan ma'auni shi ne farfaɗiya da haukan da ya fito fili, domin su ne ake iya ganewa da ido a ba da ƙwaya ko a rubuta takardar turawa. Baƙin ciki mai nauyi da fargaba da firgicin da ke biyo bayan tashin hankali ba su da alamar da ake aunawa da ma'aunin zafi. Sannan rahoton wata da ake aikawa sama ƙidaya yake so: yara nawa aka yi wa rigakafi, mata nawa suka zo awo, kwalin magani nawa ya fita. Zaman da ya hana wani magidanci yanke ƙauna ba ya ƙirguwa.

Jama'a ma suka daidaita kansu da abin da suka tarar. Dama tun zamanin En'e sunan da Bahaushe ya raɗa wa ƙaramin asibiti shi ne sha-ka-tafi, kuma wannan suna ya faɗi iyakar abin da ake sa ran samu a wurin. Mai damuwa a ƙauye ba ya zuwa ya ce ina cikin ƙunci. Cewa yake yi kansa na sarawa, ƙirjinsa na bugawa, jikinsa duk ya mutu, barci ya ƙaurace masa. Ma'aikacin da ke da layi a gabansa zai auna jini, ya ba da maganin ciwon kai da na ƙarin kuzari, wataƙila ya ƙara da cewa, "Baba, a rage tunani," ko "Hajiya, sai haƙuri, kowa da irin tasa jarrabawar." Wanda ya fito ba a yi masa allura ba ma yakan ce ba a duba shi ba. Ranar kasuwa ta gaba zai dawo da ƙorafi iri ɗaya, ko kuma ya zarce kemis ya sayi maganin barci da kansa.

Daga nan ne rashin ƙwararrun ya samo tushe, domin mutum ba ya karanta abin da babu kujerarsa. Masanin halayyar ɗan'adam da zai duba marasa lafiya sai ya yi digiri na biyu, kuma idan ya gama, guraben da ke jiransa suna manyan asibitoci ne da jami'o'i da ƙungiyoyin agaji, kusan duk a birane. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200 ba su kai 300 ba, wasunsu kuma suna ta ficewa ƙasashen waje. Jiha mai ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255 ba za ta samu rabon da zai kai Birnin Gwari ko Zonkwa ba daga wannan ɗan adadi. Wanda ya daure ya zo Kaduna sau ɗaya, kuɗin mota da kwana da haɗarin hanya ba za su bar shi ya dawo kowane mako ba, shi kuwa wannan magani ba a shansa a zama ɗaya.

Tagogi biyu sun buɗe, amma ba su yi faɗi ba. Manufar ilimi ta 1977 ta tanadi malamin ba da shawara a makarantu, sai dai a yawancin makarantun karkara aikin ya tsaya kan zaɓa wa ɗalibi ajin kimiyya ko na adabi da ladabtar da masu fashin zuwa makaranta, kuma akan ɗora shi ne a kan malamin da dama darussa sun yi masa yawa. A shekarun 2000 yaƙi da cutar ƙanjamau ya kai masu ba da shawara na gaske har ƙananan asibitoci, waɗanda aka koya wa zama da mutum a keɓe da riƙe sirri. Amma da yake ɗakin nasu na gwajin jini ne, ganin mutum ya fito daga ciki ya isa ya jawo masa tsegumi.

Masu cewa muna da namu masu sauraron ba su yi ƙarya ba. Goggo da kaka da aminiya da limami da fasto sun daɗe suna ɗauke wa mutane nauyin zuciya, kuma zaman makoki da zumunci magani ne da ba a raina shi. Abin da suke mantawa shi ne wannan rumfa ta sha iska. Rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na Kaduna na 2000, da na bayan zaɓen 2011 sun raba maƙwabtan da suka girma tare. Hare-haren shekarun baya-bayan nan sun watsa ƙauyuka sukutum, har ta kai goggon da za a kai wa kuka ita ma tana gudun hijira a wani gari da nata kukan. Akwai kuma abin da ba ya faɗuwa ga dangi ko kaɗan, kamar abin da aka yi wa mace a hannun masu garkuwa. Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma a garin da ma'aikaciyar asibiti ƙanwar kishiya ce ko matar maƙwabci, shirun ba jahilci ba ne, lissafin rufin asiri ne da na auren 'ya'ya mata.

Inda babu mai sauraro, wasu ne suka cike gurbin. Masu ruƙiyya da masu addu'a sun karɓi kaso mai yawa, wasu da tsoron Allah, wasu da neman abin duniya. Da shaye-shaye ya yawaita, har aka hana maganin tari mai kodin a 2018, gidajen mari na zamani suka samu kasuwa. A watan Satumba na 2019 aka kuɓutar da mutum fiye da 300 daga wani irin gida a Rigasa, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan labari shi ne iyaye ne da yawa suka kai 'ya'yansu da hannunsu, suna kuma biyan kuɗi, domin sun duba gabas da yamma ba su ga wata ƙofa ba.

A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma ba mara lafiya haƙƙin mutunci da sirri. Hanyoyin aikin ma yanzu akwai su. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya take da shirin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane ciwon damuwa da kula da shi, a 2016 kuma ta fitar da wani tsari na zama biyar, sau ɗaya a mako, kowane zama minti 90, wanda mutumin da ba likita ba zai iya gudanarwa idan an horar da shi kuma akwai mai duba aikinsa. Ana kuma samun masu ba da shawara ta waya, ko da yake yawancinsu da Turanci suke yi, a kan farashin birni, matar ƙauye kuma sau da yawa wayar ta maigida ce. Zama biyar na minti 90 sa'a bakwai da rabi ke nan ga mutum ɗaya, a asibitin da ma'aikaci ɗaya ko biyu ke riƙe da awo da rigakafi da karɓar haihuwa da sayar da magani, kuma ɗakin da ake duba marasa lafiya labule ne kawai tsakaninsa da bencin masu jira.