Koyon Kodin Don Aikin Jarida Na Alƙaluma

Aikin jarida na alƙaluma shi ne wanda ɗan jarida ke haƙo labari daga cikin tarin bayanai, irin su kasafin kuɗi, sakamakon zaɓe ko jerin kwangiloli, maimakon ya tsaya kan abin da kakakin gwamnati ya faɗa masa. Kodin kuwa shi ne rubuta wa kwamfuta umarni da yaren da take ganewa, don ta yi tankaɗe da rairayar bayanan da mutum ɗaya ba zai iya bi layi-layi ba ko da zai kwana a ofis.

Asalinsa

Abin ba sabo ba ne kamar yadda wasu ke zato. Tun 1952 gidan talabijin na CBS a Amurka ya yi amfani da kwamfutar UNIVAC wajen hasashen zaɓen da Eisenhower ya lashe. Amma wanda aka fi jingina wa fannin shi ne ɗan jarida Philip Meyer. Bayan tarzomar birnin Detroit a 1967, ana ta yaɗa cewa marasa ilimi ne da waɗanda suka yi ƙaura daga kudancin ƙasar suka tayar da ita, sai Meyer da abokan aikinsa suka bi unguwanni da tambayoyi, suka zuba amsoshin cikin kwamfutar IBM 360, sai ga shi waɗanda suka shiga kwaleji ba su gaza waɗanda suka bar sakandare shiga tarzomar ba. Jaridar Detroit Free Press, wadda Meyer ya yi wa wannan aiki, ta samu kyautar Pulitzer kan rahotanninta na wannan rikici. A 1989 aka kafa cibiyar da yanzu ake kira NICAR a jami'ar Missouri don horar da 'yan jarida, sannan a 2009 jaridar Guardian ta Ingila ta buɗe sashenta na alƙaluma ƙarƙashin Simon Rogers.

Kayan aikin

Kusan kowa da Excel ko Google Sheets yake farawa, kuma gaskiya labarai da yawa a nan suke ƙarewa, ba abin kunya ba ne. Matsalar dai Excel na da iyaka, layi 1,048,576 ne a shafi ɗaya, tsohon tsarinsa ma 65,536 kacal. Iyakar tsohon tsarin ce ta sa a 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta zubar da sakamakon masu korona kusan 16,000 daga lissafinta ba ta sani ba, sai daga baya aka gano.

Idan bayanai suka fi ƙarfin Excel, yaruka uku aka fi komawa. SQL na yi wa rumbun bayanai tambaya ne, kamar a ce ware min duk kwangilar da ta haura miliyan 50 da aka ba kamfani ɗaya. Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, shi ne kamar keke-napep, ba inda ba ya shiga: yana kwaso bayanai daga intanet, yana gyara su, kuma da wani ƙarin kayan aikinsa mai suna pandas da Wes McKinney ya fara rubutawa a 2008 yana sarrafa jadawali cikin sauƙi. R kuwa malaman lissafi biyu ne, Ross Ihaka da Robert Gentleman, suka ƙirƙiro shi a jami'ar Auckland ta New Zealand, shi ya sa ya fi ƙarfi a ƙididdiga da zana taswirar alƙaluma. Musun wanne ya fi tsakanin Python da R ya daɗe, kuma ɓata lokaci ne ga mai koyo, ya ɗauki ɗaya ya riƙe.

Inda wahalar take

Mai koyo yakan ɗauka lissafin ne aikin, alhali mafi yawan lokacin wajen wanke bayanai yake tafiya. A Najeriya dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan jarida damar nema, kuma ƙungiyoyi irin su BudgIT, da aka kafa a shekarar, sun sa kasafin kuɗi ya fi kusa da jama'a, amma takardun gwamnati da yawa a PDF suke fitowa, wasu ma hoton takarda ne kawai. Manhaja irin Tabula na ciro jadawali daga PDF mai rubutu, idan hoto ne kuma sai wani aikin. A zaɓen 2023 abin da INEC ta riƙa ɗorawa a IReV, shafinta na duba sakamako a intanet, hotunan fom EC8A na sakamakon rumfa ne da aka cike da hannu daga rumfuna sama da 176,000, wanda duk mai son tara su sai ya sa mutane sun zauna sun kwafe lambobin tukuna kafin kodin ya yi amfani.

Sai kuma sunaye. Ƙananan hukumomi 774 ne, amma a takarda ɗaya za ka ga Dawakin Tofa, a wata D/Tofa, nan Dambatta can Danbatta, kwamfuta kuma wurare daban take ɗaukar su. Akwai Nasarawa a Kano akwai Nasarawa a jihar Nasarawa, akwai Bassa a Filato akwai a Kogi, in mutum ya haɗa jadawali biyu da suna kawai bai saka jiha ba, kuɗin wata ƙaramar hukuma zai faɗa aljihun wata. Haruffan ƙ, ɗ da ɓ ma kan rikiɗe su koma alamomi marasa ma'ana idan ba a ajiye fayil a tsarin UTF-8 mai gane irin waɗannan haruffa ba.

Dalilin da ya sa ake jure duk wannan shi ne kodin na barin sawu. Gyaran da aka yi da hannu a Excel ba mai tuna shi bayan wata uku, amma wanda aka rubuta a Jupyter, manhajar rubuta kodin da kunna shi, edita zai iya sake kunna shi daga farko ya ga ko lambar da za a buga ta fito daidai, kuma idan sabon rabon FAAC, wato kuɗin da ake raba wa matakan gwamnati daga asusun tarayya, ya fito wata mai zuwa, umarnin nan dai za a sake kunnawa.

Babban misalin aikin jarida na alƙaluma shi ne takardun Panama na 2016, fayil miliyan 11.5 daga kamfanin lauyoyi na Mossack Fonseca da suka fara isa hannun jaridar Süddeutsche Zeitung ta Jamus. Ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta ƙasa da ƙasa, ICIJ, ta zuba su a rumbun Neo4j mai nuna alaƙar mutum da kamfani da adireshi, daga Najeriya kuma Premium Times ce ta bi sunayen da suka shafi ƙasar.