Kwamfutar ofis: inda ikon mai gida ya kai da inda doka ta taka masa birki

Kwanakin baya ƙanena da ke aikin akawu a wani kamfani a cikin garin Bauchi ya zo mini da ƙorafi bayan Magariba. Ya shiga ofis da safe ya tarar WhatsApp ɗin da ya sa a kwamfutar teburinsa ya ɓace. Ya soka filash, kwamfuta ta ƙi ganinsa. Ya nemi buɗe Facebook, nan ma a toshe. Da ya tambayi jami'in da ke kula da kwamfutocin, sai ya ce masa umarni ne daga sama, har ya ƙara da cewa daga yau duk inda mutum ya shiga suna gani. "Yaya," ya ce da ni, "don Allah doka ta ba su wannan damar kuwa?"

Abu biyu ya haɗa a tambaya ɗaya. Akwai kullewa, wato a hana ka sa wata manhaja ko shiga wani shafi. Akwai kuma leƙe, wato a riƙa kallon abin da kake yi. Doka ba ta auna su da mudu ɗaya ba.

Maganar kullewa ba ta da tsawo. Kwamfutar ofis kayan aiki ce kamar motar ofis, mai ita ne zai faɗi inda za ta je. A ma'aikatar da aka haɗa kwamfutoci wuri guda, akwai uwar kwamfuta da jami'i ke rubuta ƙa'ida a cikinta sau ɗaya, ƙa'idar ta sauka a kan sauran duka. Kai ma'aikaci an ba ka ƙaramin asusu wanda ba shi da ikon girka komai, babban mabuɗi yana hannun jami'in. A Windows akwai AppLocker, inda ake jera manhajojin da aka yarda su tashi, duk wadda ba ta cikin jerin ko ka danna ta sau goma ba za ta motsa ba. Duk wanda ya rubuta jarrabawar JAMB a cibiyar kwamfuta ya san irin wannan kulle: ban da tambayoyin da ke gabanka, babu inda za ka leƙa.

Hasali ma doka ce ke tura ma'aikatu ga kullewar. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na shekarar, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Idan aka yi kutse irin wanda zai iya cutar da masu bayanan, cikin awa 72 ake so a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC. Ga kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta sa manhajar kwamfuta a sahun ayyukan rubutu da ake kare wa haƙƙi. Saboda haka manhajar satar nan da ake zuba wa mutane a shagunan gyara, idan ka kawo ta kwamfutar ofis, ofis ka jawo wa magana, ban da cutar kwamfuta da takan zo a goye. A watan Mayu na 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. A nan kam na ce wa ƙanena ya yi haƙuri, ba shi da ƙara.

Leƙe ne ke da magana. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da sirrin 'yan ƙasa, da gidajensu, da wasiƙunsu, da maganganunsu na waya. Wannan haƙƙi ba a ajiye shi a bakin ƙofar ofis kamar takalmi a ƙofar masallaci. Sannan rajistar da ke nuna cewa wane ya buɗe shafi kaza da ƙarfe kaza, bayani ne game da mutum, don haka dokar 2023 ta hau kanta tun daga ranar da aka fara tara ta.

Dokar ba ta haramta sa ido ba, sharuɗɗa ta gindaya. Na farko, sai da hujjar da doka ta amince da ita, kuma sashe na 25 ya jero su. Wasu ofisoshin kan fake da cewa ai ma'aikaci ya yarda. To amma sashe na 26 ya ce mai tara bayanan ne zai tabbatar da cewa an yarda ɗin, kuma shiru ba yarda ba ce. A ganina ma yardar wanda albashinsa ke hannunka ba ta da wani nauyi, wa zai ce wa oga a'a? Hujjar da ta fi tsayuwa ita ce halastacciyar buƙatar ma'aikata, kamar tsare kuɗin kamfani ko bayanan abokan ciniki. Ita ma dokar ta ɗaure mata ƙafa: ba ta tsayawa idan ta danne haƙƙin mutum, ko idan mutumin ba zai taɓa zaton za a yi haka da bayanansa ba.

Nan ne sanarwa ta zama ginshiƙi. Sashe na 27 ya ce a gaya wa mutum wane ne ke tara bayanansa, da wace hujja, don me, wa da wa zai gani, tsawon wane lokaci za a ajiye, da kuma cewa yana da damar kai ƙara ga hukuma. Maganar baka da jami'in kwamfuta ya yi wa ƙanena a tsaitsaye ba ta cika wannan ba. An yi irin wannan shari'a a Turai. Wani injiniya a Romaniya an kore shi saboda hira da ɗan'uwansa da budurwarsa a manhajar hira ta Yahoo Messenger da aka buɗe don aikin ofis, amma a 2017 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce an tauye masa sirri, babban dalili kuwa shi ne ba a sanar da shi tun farko yadda leƙen zai kasance da zurfinsa ba. Hukuncin bai ɗaure kotunanmu ba, amma tunanin da ke cikinsa shi ne ke cikin dokarmu.

Sai batun yawa. Sashe na 24 ya ce a tara iya abin da buƙata ta nema kawai, kada a ajiye fiye da lokacin da ya dace. Rajistar sunayen manhajoji da shafuka abu ne mai sauƙin karewa. Manhajar da ke naɗar duk harafin da ka danna, ko mai ɗaukar hoton fuskar kwamfuta kowane minti, wannan wani abu ne daban. Ita ba ta tantancewa: za ta kwashi kalmar sirrin bankinka, da saƙon da ka aika wa likita, da hirarka da shugabannin ƙungiyar ƙwadago. Lafiya, addini, ƙabila, ra'ayin siyasa da zama ɗan ƙungiyar ƙwadago kuwa duk dokar ta ware su a matsayin bayanai masu tsanani da ba a taɓawa sai da ƙarin sharaɗi. Aikin da ke da irin wannan haɗari, sashe na 28 ya ce sai an zauna an auna illarsa ga mutane kafin a fara.

Bari in ɗan ratse, don mutane da yawa sun dogara da cewa WhatsApp a kulle yake daga waya zuwa waya. Haka ne, a kan hanya ba a karanta shi. Amma idan manhajar leƙen tana cikin kwamfutar da ka buɗe shi, abin da idonka ya gani ita ma ta gani. Wayarka kuwa taka ce, sai dai idan ka hau wayifai ɗin ofis za a iya ganin sunayen shafukan da ka ziyarta.

Shi ma jami'in kwamfuta ba a sake masa mara ba. Sashe na 12 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya ce duk wanda ya tare saƙonnin kwamfuta da ba na fili ba, da gangan kuma ba da izini ba, zai iya shan ɗaurin shekara 2 ko tarar naira miliyan 5 ko duka biyun. Riƙe babban mabuɗi ba izini ba ne na karanta imel ɗin abokiyar aiki don jin gulma. Sashe na 31 kuma ya juyo kan ma'aikaci: ranar da ka bar aiki, a gwamnati ne ko a kamfani, dole ka miƙa duk kalmomin sirri da damar shiga da ke hannunka. Masu tafiya da su don a biya su haƙƙinsu tukuna su kula.

Wanda ya zagaye kullen da dabara, ya saɓa ƙa'idar aiki, ana iya ladabtar da shi, idan rigima ta yi nisa kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke saurare. Wanda kuma yake ganin an wuce gona da iri, sashe na 34 na Dokar Kare Bayanan Jama'a ya ba shi damar neman kwafin bayanan da aka tara a kansa, yana kuma iya kai kuka ga NDPC. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga ƙanana kuma, naira miliyan 2 ko wannan kashi 2 ɗin.

Na ce wa ƙanena ya rubuta takarda cikin ladabi ya nemi a ba su ƙa'idar amfani da kwamfuta a rubuce, a faɗi abin da ake gani da wanda ke gani. Ya rubuta ya miƙa. Hirar iyali kuma ya mayar da ita wayarsa, da datar da ya saya da kuɗinsa.